Motar Gudu Da Kuɗin Bashi: Shawara Ga Ƴan Kasuwar Tibiri

Duk shekara idan kaka ta yi, wake da gyaɗa suka shigo kasuwa, kuɗi suka ɗan zauna a aljihun jama'a, akwai wata magana da ke tasowa a rumfunan kasuwa da majalisun dare a Tibirin Arewa da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa, har zuwa Dogon Dutsi, wato maganar sauya mota. Wanda ke da babur yana son ya hau mota, wanda ke da tsohuwar Starlet ko Corolla yana son ya sallame ta ya karɓo wadda ta fi ta gudu. Samarin ƴan kasuwarmu kuwa idonsu ya fi karkata ga ƙananan motocin nan masu guntun baya da ƙaton inji, irin su Golf GTI, waɗanda in an taka su a kan kwalta sai ka ce za su tashi sama. Ba mu ga laifin wanda ya so abu mai kyau ba, domin wanda ya sha rana a kasuwa yana da haƙƙin ya ji daɗin halalinsa. Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana shi ne, da yawa daga masu wannan niyya da bashi suke shirin cike kuɗin, kuma tambaya ɗaya tak suke yi wa mai ba da bashin: nawa zan riƙa biya a wata? A ganinmu wannan tambaya ce ke jefa mutane rami. Wadda ta dace a yi ita ce, in na gama biya kaf, nawa na biya?

Bari mu fara da motar kanta. Kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ne ya fito da Golf GTI a shekarar 1976, inda ya ɗauki ƙaramar motar iyali ya sanya mata injin da ya fi jikinta ƙarfi, sannan Peugeot na Faransa ya biyo baya da 205 GTI a 1984. An ƙera su ne domin titunan Turai masu santsi, shi ya sa za ka ga cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, tayoyinsu marasa kauri, na baya-bayan nan kuma injinsu mai turbo ne da ke son tsabtataccen fetur da baƙin mai mai tsada, ga kwamfuta da ke sarrafa kusan komai. Kafin irin wannan mota ta iso hannunmu kuwa, ta riga ta ci ƙuruciyarta a wajen wasu. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace karɓa. Wato abin da muke kira sabuwa ƴar Kwatano, sau da yawa ta yi shekaru tana yawo, kuma lambar kilomitar da ke gaban sitiyari ba rantsuwa ba ce, ana iya juya ta baya.

To, a ina za mu taka ta? Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, nan ne mai irin wannan mota zai ce zai saki inji. Alhali cinikinmu yana can cikin kasuwannin ƙauye na Dallol Mauri, inda yashi ke riƙe taya da rani, taɓo ya karɓe ta da damina. Motar da cikinta ke shafar ƙasa tun ba a ɗora mata komai ba, yaya za ta yi in aka loda mata buhun wake uku da jarkokin man gyaɗa? Ko a kan kwaltar ma, bari mu lissafa ribar gudun. Tafiyar kilomita 100 ga mai gudun 90 minti 67 ce, ga mai gudun 120 kuwa minti 50. Bambancin minti 17 ke nan, waɗanda tsayuwa ɗaya a shingen jandarma ko na duwan, ko garken shanu da ya tare hanya, ke cinyewa nan take. Amma tazarar da mota ke ci bayan an taka birki kafin ta tsaya, a gudun 120 ta kusa ninka ta gudun 90. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A hanyar da amalanke da jaki da ƴan makaranta ke tsallakawa, minti 17 ba su kai a saye su da bashi ba.

Yanzu sai mu dawo kan kuɗi, domin a nan ne gizo ke saƙar. Mu ɗauki misali mai sauƙi, kowa ya sanya nasa adadin a gurbinsa. A ce Alhaji ya haɗa kuɗin tsohuwar motarsa da ɗan abin da ya tara, sai ya rage masa sefa miliyan 2 da jika 400 kafin ya kai kuɗin sabuwar. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: banki, ko ƙananan asusun ba da rance, ko dilan da zai ba shi mota ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ko kuma adashi da tari. Kuɗin da yake nema ɗaya ne, amma abin da zai fita daga aljihunsa a ƙarshe ya sha bamban ƙwarai.

Idan banki ya ba shi kuɗin a kan ruwa kashi 12 cikin 100 a shekara, na tsawon wata 24, kuma ana lissafa ruwan ne a kan abin da ya rage bayan kowane biya, zai riƙa zuba kimanin jika 113 a wata. Ranar da ya gama zai tarar ya biya miliyan 2 da jika 711, wato ƙarin jika 311 ke nan. Wannan kuwa ban da kuɗin buɗe takarda da inshorar bashi da haraji, waɗanda wasunsu ake cirewa tun kafin kuɗin su shiga hannu. Sannan ɗan kasuwa ba ma'aikaci ba ne da albashinsa ke bi ta banki, saboda haka abin da za a nema a wurinsa shi ne jingina, takardar gida ko ta fili, ko kuma mutumin da zai tsaya masa. Ke nan wanda ya fita neman mota yana iya dawowa ya bar gidan da iyalinsa ke kwana a hannun banki.

A nan akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani, domin kashi 12 iri biyu ne. Akwai masu lissafa ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya tun daga watan farko har na ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko dala ba. Da wannan lissafi, kashi 12 na miliyan 2 da jika 400 jika 288 ne a shekara, shekara biyu jika 576, biyan wata kuma jika 124. Adadi ɗaya aka faɗa maka, amma ƙarin ya kusa ninka na farko, kuma in aka auna shi da ma'aunin farkon ya haura kashi 21. Don haka duk wanda ya ce maka ruwansa kaza ne, ka tambaye shi, a kan me? A kan abin da ya rage, ko a kan abin da na karɓa?

Ƙananan asusun ba da rance sun fi banki kusa da talaka, sun fi saurin sakin kuɗi, sai dai sauƙin nasu yana da farashi. A ranar 1 ga Janairun 2014 ne majalisar ministocin ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma ta fara aiki da sabuwar iyakar ruwan da doka ta yarda da shi, inda aka sauke na bankuna daga kashi 18 zuwa 15, na ƙananan asusu daga 27 zuwa 24. Majalisar kan sake duba wannan iyaka lokaci zuwa lokaci, kuma lissafinta ya haɗa da kuɗin takarda da duk wata lada da aka ɗora a kan ruwan, abin da ake rubutawa TEG a takardun bashi. Doka ta ce a rubuta shi a cikin yarjejeniya, don haka haƙƙinka ne a nuna maka shi da yatsa. To, idan Alhaji ya karɓi kuɗin nan a kan kashi 24 na wata 24, biyansa jika 127 ne a wata, jimilla miliyan 3 da jika 45, ƙarin jika 645. Irin wannan rance ya fi dacewa da jarin da ke juyawa cikin wata uku ko shida, kamar sarin gyaɗa ko kiwon ragon layya, wanda ribarsa ke iya ɗaukar nauyin ƙarin. Motar shiga ba ta haihuwa, kullum tsufa take ƙara yi.

Sai ta uku, wadda ta fi kowace daɗin ji a kunne. Dila ko wani mai kuɗi zai ce maka ɗauki mota, ba sai ka je banki ba, ka riƙa kawo jika 100 kacal a wata har wata 36. Mutum sai ya ga ai wannan ya fi na banki sauƙi da jika 13, ya miƙa hannu a yi musabaha. Amma jika 100 sau 36 miliyan 3 da jika 600 ne. Ƙarin miliyan 1 da jika 200 ke nan, rabin kuɗin da ake bin ka, kusan ninki huɗu na abin da banki ya ɗora a misalinmu. In aka mayar da shi lissafin shekara ya haura kashi 28, ya wuce ko iyakar da aka yanka wa ƙananan asusu. Bugu da ƙari, a irin wannan ciniki takardun mota kan zauna a hannun mai ita har sai an biya dalar ƙarshe, kuma sau da yawa sharaɗin shi ne in ka yi fashin wata biyu ko uku a ɗauke mota, abin da ka zuba a baya ya zama kuɗin haya. Masu adaidaita-sahu a Kano da masu kabu-kabu a garuruwanmu sun san wannan labari sarai.

Ta huɗu ita ce wadda iyayenmu mata suka riga kowa sani. Mutum 24 masu zubin jika 100 a wata, kwasa ɗaya miliyan 2 da jika 400 ce cif, babu ƙari in ban da ɗan abin da ake ba uwar adashi. Wanda ma ba ya son adashi, in ya iya ajiye jika 113 ɗin da zai ba banki kowane wata, cikin wata 22 ya haɗa kuɗinsa, kuma ba sai ya rabu da tsohuwar motarsa ba sai ranar da suka cika. Ba mu ce adashi ba shi da nasa ciwon kai ba. Akwai jiran layi, akwai wanda zai kwasa ya daina zubi, akwai kuma yiwuwar kuɗin mota ya ƙaru kafin kwasarka ta zo. Amma tari yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba, domin gwaji ne ga mai niyya. Wanda ya kasa ajiye jika 113 wata shida a jere alhali babu mai matsa masa, ta yaya zai biya su wata 24 a jere ana tsaye a kansa?

Duk wannan lissafi kuɗin shiga mota ne kawai, ba a zo ga ciyar da ita ba. A ce tsohuwar tana shan lita 7 a kilomita 100, sabuwar mai ƙaton inji tana shan 10, mai ita kuma yana yin kilomita 2,000 a wata tsakanin kasuwanni. Ƙarin lita 60 ke nan a wata. A farashin sefa 499 da gwamnati ta sanya wa litar fetur a watan Yulin 2024, bayan ta sauke shi daga 540, wannan ya kama kusan jika 30 a wata, jika 720 a shekara biyun da ake biyan bashi, wato ya ninka ruwan bankin har da ɗoriya. Kada kuma mu manta, man ƴan ruwa-ruwa ya daina arahar da muka saba da ita tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya. Matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 an gina ta ne domin tace ganga 20,000 a rana, kuma da buƙata ta koma kanta mun ga irin layin da aka sha a gidajen mai a watan Maris na 2025. Inshora da harajin mota na shekara su ma gwargwadon ƙarfin injin da ke rubuce a katin mota ake yanke su. Ga taya mara kauri da rami ɗaya ke fasawa, ga kayan gyara da sai an aika Yamai ko Sakkwato, ga injin da sai mai na'urar kwamfuta ke gane ciwonsa. Tsohuwar Toyota kuwa, kowane bakanike a tasha ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Abu na gaba mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa saninsa: kasuwa na tsayawa, amma ranar biyan bashi ba ta fashi. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sanya takunkumi, iyakarmu da Najeriya ta sake rufuwa har zuwa Maris na 2024, gadar Gaya da Malanbil da motocin Kwatano ke biyowa ita ma ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A daidai wannan lokaci naira ta faɗi, daga kimanin 460 a kan dalar Amurka a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai tun 1999. Duk wanda ke kai wake ko dabbobi Kangiwa da Argungu da Birnin Kebbi ya karɓo naira, amma bashinsa na sefa ne, ya ga yadda cinikinsa ke narkewa a hannun ɗan canji. Wanda ya sa hannu a bashin wata 36 ya ɗauki alkawari ne a kan damina uku da bai gani ba, da iyakar da ba shi ne ke riƙe da mabuɗinta ba.

Iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata na kasuwa, wannan magana ta shafe ku, ko da kuwa ba ku ne za ku riƙe sitiyari ba. Idan wata ya ƙare babu na biya, ƙofar ɗakin Hajiya ake fara ƙwanƙwasawa. Tunkiyar da take kiwo, ɗan kunnen zinarin da ta ajiye domin auren ɗiya, kwasar adashin da ta yi shekara tana zubi da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, su ne ke tafiya cike ramin motar da ko kasuwa ba ta kai ta. Wani lokaci ma da sunanta ake karɓo rancen, kuma a rancen ƙungiya in ɗaya ta gaza sauran ne ke biya, sai ka ga zumuncin shekara ashirin ya lalace saboda motar ɗan wata. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya, ya ginu ne a kan zubi kaɗan-kaɗan da ƙaramin rance domin sana'a, a nan ne kuma ya kamata kuɗinsa su tsaya. Duk ɗan da ya zo ya ce Inna ki tsaya mini, ko maigida ya ce ki sa hannu a nan, kina da haƙƙin ki ce a karanta miki takardar, a faɗa miki jimillar kuɗin da abin da za a ɗauka in aka kasa. Matar da ta yi haka gidan baki ɗaya take karewa, kada kowa ya kira shi rashin biyayya.

Mun san akwai masu cewa ai bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma da wuya ka ga babban ɗan kasuwar da bai taɓa cin sa ba. Gaskiya ne. Wasu kuma za su ce tsohuwar mota ma cin kuɗi take yi a gareji, kuma ɗan kasuwa na buƙatar kwarjini a gaban manyan diloli. Wannan ma da ƙamshin gaskiya. Amma akwai bambanci tsakanin motar da ke ɗaukar bashinta da kanta da wadda rumfa ke ɗauka. Wanda ya ci bashi ya sayi a-kori-kura ko Hiace ko kanta, yana jigilar kaya da mutane ranar kasuwa, yana iya zama ya ƙirga abin da take shigowa da shi a mako, ya cire na mai da direba da gyara, ya ga ko ragowar ta kai biyan wata. In ta kai har da rara, bismillah. In tsohuwar ce ta gaji, maganinta wata mai lafiya da ƙarfin ɗaukar kaya, wadda kayan gyaranta ke samuwa a kusa. Batun kwarjini kuwa, a kasuwa wanda ke biyan kuɗin kaya ranar da ya yi alkawari shi ne mai kwarjini. Rumfar da kaya suka ragu a cikinta saboda jari ya koma biyan mota ba ta ɓoyuwa, maƙwabta ne ke fara gani.

Ta fuskar addini ma ba a bar mu a duhu ba. Haramcin riba sananne ne, kuma saboda shi da yawanmu ke gudun banki. Akwai tsarin murabaha da Bankin Musulunci na Nijar ke aiki da shi, haka ma bankin Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a 2012, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na hannu-da-hannu, muddin an yanke farashi ɗaya tun wurin ciniki, kuma ba a ƙara shi saboda jinkiri. Mai son ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malaminsa. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, ko a ciniki na halal akwai mai tsada akwai mai sauƙi, sai an tambayi jimilla an kwatanta. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Abin takaici sai ka ga cinikin miliyan uku an ƙulla shi a gindin bishiya da musabaha kawai, wai don ana jin kunyar juna. Ranar rigima kuwa kunyar ba ta hana zuwa gaban alƙali.

Saboda haka kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, muna ba da shawarar ya samu amsar waɗannan tambayoyi a rubuce. Nawa ne kuɗin motar in da hannu-da-hannu zan biya? Nawa ne jimillar abin da zan biya har ƙarshe, har da kuɗin takarda da inshora? In na yi fashin wata, me za a ƙara mini, kuma bayan wata nawa za a ɗauke mota? In aka ɗauke ta, ina makomar abin da na zuba? In Allah Ya hore mini na biya kafin lokaci, za a rage mini? Da sunan wa katin mota da takardar duwan suke? Sannan ya kai tambayoyin nan wuri biyu ko uku, kamar yadda ba ya sarin atamfa a shagon farko da ya shiga. Mu da ke taya buhun gero sau biyar saboda dala ashirin, bai kamata mu karɓi bashin miliyoyi babu ko tayi ɗaya ba.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da na tasha a Tibiri da Dogon Dutsi da su samar da mutum ɗaya ko biyu masu amana da ilimin lissafi, waɗanda duk mai son cin bashi zai iya kai musu takarda su duba masa tukuna. Muna kira ga bankuna da asusu da su riƙa bayyana sharuɗɗansu da harshen da mai karɓa ke ji. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu dalilin da zai sa a miƙa wa mai sayar da daddawa takarda shafi biyar da Faransanci a ce ta dangwala. Ku kuma samarinmu, ku yi haƙuri ku bar jari ya yi ƙwari, domin masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Motar gudu ba za ta ƙare a duniya ba, amma jarin da ya karye sai an sha wuya kafin ya tashi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, Ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.